Churros da Garin Gwaggo

Duk lokacin da aka kawo mana sabbin ma'aikata aka ce in ba su labarin ziyarar gida, rana ɗaya ce ke fara zo mini, ranar da na soya churros a wani ɗakin girki a Dagenham, gabashin Landan. Ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ba don suyar ta yi kyau ba ne, ko da yake ta yi.

Bari in fara da bayanin aikin saboda waɗanda ba su san shi ba. Ni mataimakiya ce a sashen abincin yara na wani asibiti a gabashin Landan. Sama da ni akwai masaniyar abinci, ita ke tsara abin da yaro zai ci da abin da zai bari. Sama da ita akwai likitan yara. Ni ba na tsara komai, ba na rubuta magani. Nawa shi ne awon nauyi, da bayani, da bin gidaje. In an yi wa iyaye magana a ofis sun gyaɗa kai, ni ake turawa in ga abin da gyaɗa kan ya zama a tukunya. Da yake ni Bazazzagiya ce, duk fayil ɗin da aka rubuta Hausa a gurbin harshe, a teburina yake sauka.

Yarinyar sunanta Zainab a fayil, a gida kuwa Walida ake ce mata, don sunan gwaggon babanta ta ci. Shekararta tara, tana da cutar da ake kira siliyak. Jikin mai wannan cuta ba ya jituwa da wani sinadari mai suna gluten, wanda ke cikin alkama da sha'ir da danginsu. In ya shiga ciki, hanji ne ke lalacewa a hankali, abinci ya daina kama jiki, yaro ya yi ta fama da ciwon ciki da kasala, girmansa ya tsaya. Babu allura, babu ƙwaya. Maganin kawai a bar alkama har abada, kuma ba a cewa ai ɗan kaɗan ne. Ko ƙurar da ba ta cika ƙarƙashin farce ba, ta isa ta tayar da ciwon. Ga Bahaushe abin da sauƙi idan aka kwatanta da Bature, don shinkafa da masara da gero da dawa da rogo da acha duk an yarda da su. Burodi da taliya da fanke da alkubus ne ake ban kwana da su.

Ana gane ko ana kiyayewa a gida ta hanyar gwajin jini. Akwai wata alama da ke hawa in gluten yana shiga, ta sauka in an daina. Ta Walida ta sauka da farko, sannan ta tsaya ta ƙi gaba. Nauyinta ma haka. An bincika abincin makaranta, aka same shi lafiya lau. An tambayi mahaifiyarta, Hadiza, game da dunƙulen miya da yaji da man suya, ta amsa komai daidai kamar ita ta koyar da mu. Ƙa'idar aiki kuwa ita ce, in yaro yana ramewa, an rasa dalili, kuma ana zargin ba a bin umarni a gida, likita zai sanar da sashen kare yara na council, wato ƙaramar hukuma. Wannan ba yana nufin za a ɗauke yaro ba. Amma ku je ku gaya wa uwa Bahaushiya a Landan haka, ku ga ko za ta runtsa.

Shugabata, masaniyar abincin nan, wata doguwar mata ce 'yar Ireland, ba ta ɓata magana. Ta kira ni ta ce, "Rabi, kafin likita ya sa hannu, ki je ki yi girki da su. Tambaya mun yi ta har mun gaji. Ke dai ki duba."

Yadda muke yin irin wannan ziyara, yaron ake tambaya abin da ya fi kewa, sai a dafa masa irinsa marar alkama, da kayan gidan da tukwanen gidan. Dalili shi ne, mutum yana iya gyara amsarsa, amma hannunsa in ya shiga girki inda ya saba yake zuwa. Da na kira na tambayi Walida, ba ta yi wani tunani ba ta ce churros. Akwai mai sayarwa kusa da tasha, in an tashi makaranta ƙawayenta suna saye, ita tana riƙe musu jakunkuna har su gama ci. Ga wanda bai sani ba, churros soyayyen kwaɓin fulawa ne na mutanen Spain, dogo kamar yatsa, mai zane-zane a jiki, ana birkiɗa shi a sukari da kirfa. Ni da na tashi da ƙosan bakin kasuwa ban ga abin rububi a ciki ba, amma ba ni aka tambaya ba.

Wata Talata ce cikin ɗan hutun makaranta na Fabrairu, ana yayyafi. Na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a Whitechapel. A jakata akwai ledar matse kwaɓi da bakinta mai siffar tauraro, da wani farin gari da ake barbaɗawa kaɗan ya maye gurbin danƙon alkama, da ƙullin garin shinkafa na kanti mai hatimin cewa ba gluten a ciki. Shi wannan ƙullin ba a fito da shi sai ta kama dole.

Na shiga ɗakunan girki da yawa a aikin nan, ban ga kamar na Hadiza ba. Walida tana da kantarta daban, da tukunyar suyarta daban, da rariyarta daban. Muciyarta an ɗaura mata jan zare don kada a haɗa. Na buɗe nan, na leƙa can, na ce a raina wannan baiwar Allah in akwai laifi ba nata ba ne. Ita kuwa Walida tana tsaye a bakin ƙofa, siririya, an ɗaura mata zanin uwarta ya zagaya ta har sau biyu. Ina yi mata Hausa tana amsa mini da Turanci.

Muka ɗora ruwa da bota da ɗan sukari da gishiri. Churros ba a kwaɓa shi da ruwan sanyi kamar fanke, a wuta ake tuƙa shi. Na ce, "Maman Walida, kawo garin shinkafa kafin ruwan ya tafasa."

Ta ɗan tsaya, sannan ta sunkuya ta jawo wata farar roba mai murfi daga ƙarƙashin kantar girki. Na sa hannu na murza. Gari ne mai laushi, mai ƙamshin sabon niƙa, irin wanda ba a samu a ƙulli.

"Wannan a wane kanti? Na 'yan Afirka a Peckham?"

"Ba na kanti ba ne, Anti. Niƙa ne."

"Ina ake niƙa miki?"

"Gidan Gwaggo mai inji."

Babu Bahaushen gabashin Landan da bai san injin niƙan Gwaggo Zainabu ba. Daga Kano aka yo mata cargo ɗinsa, yana garejin gidanta, kuma ba ta karɓar ko kwabo, sai dai a ajiye mata sabulu ko turare. Geron kunun azumi a can ake niƙawa, da waken ɗanwake. Duk alkubus ɗin da na taɓa ci a gidan suna a yankin nan, alkamarsa ta cikin injin nan ta bi. Abin da ban sani ba sai ranar shi ne ita ce gwaggon da Walida ta ci sunanta.

Na rage wutar. Na ce, "Har yanzu tana niƙa alkama?"

Wanda bai san abu ba, in ka yi masa irin wannan tambaya, cewa yake, me ya faru? Hadiza ba ta ce me ya faru ba. Ta dubi Walida ta ce ta je falo ta ɗauko almakashi, ta kuma tsaya ta wanke shi sosai. Da yarinyar ta fita, sai ta miƙa hannu can bayan tukwane ta zaro ƙullin garin kanti mai hatimi, irin wanda ke jakata, an ci rabinsa.

"Da wannan nake mata girki," in ji ta. "Na robar ni da babanta muke ci."

"To ta ina yake shiga cikinta?"

"Juma'a."

Ta yi mini bayani a tsaye, tana kallon tukunya. Ranar da aka gano ciwon, Gwaggo ta yi kuka, ta daina kawo alkaki da fanke, ta ce daga yau ita ta ɗauki nauyin garin takwararta. Ba ta yarda da na kanti ba, ta ce ba a san abin da Turawa ke zubawa a ciki ba. Ita ke sayen shinkafar, ta wanke, ta shanya, ta niƙa, ta aiko. Duk Juma'a kuma sai ta hau bas ta zo, ta buɗe robar nan, ta tuƙa wa Walida tuwo ko ta dama mata kunu da hannunta, ta zauna sai ta ga ƙasan kwano.

"Yaushe kika gane?"

"Kafin azumi. Na kai gero, na tarar tana niƙa wa wata alkama. Da ta gama ta karkaɗe injin, ta goge da tsumma, sannan ta zuba shinkafar Walida. Har da gogewa, Anti, don kulawa."

"Babanta fa?"

"Ya ce shi bakinsa ba zai iya ba. Ita ta goye shi, ita ta kawo shi ƙasar nan. Ni kuma suruka ce. Ko sunanta ba na faɗa, ta yaya zan dube ta in ce garinta ne ke sa wa yarinyar ciwo? Sau nawa ina yin practice a bas, in na isa sai in gaishe ta in dawo."

Tausayinta na ji, haushinta ma na ji, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke cikin aikin da aka aiko ni. Abin da na lura da shi kawai shi ne, tana da garin kanti a bayan tukwane, da ta ga dama shi za ta miƙo mini in koma asibiti ban gano komai ba. Robar ta jawo.

Walida ta dawo da almakashi, ruwa kuma ya tafasa, don haka muka ci gaba. Na buɗe ƙullin da ke jakata, na haɗa shi da ɗan garin rogo mai hatimi da na samu a kantar Walida da ɗan garin danƙon nan, na juye a tukunya gaba ɗaya. Daga nan tuƙi ne kamar na tuwo, da muciya mai jan zare, har kwaɓin ya dunƙule ya saki jikin tukunya. Aka sauke ya sha iska. In aka fasa ƙwai yana da zafi, wainar ƙwai za a samu. Da ya huce na riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, Hadiza tana bugawa, har ya yi santsi yana sheƙi.

Muka zuba sabon mai a tukunyar Walida. Na nuna mata amfanin bakin tauraron. Ba ado ba ne: in kwaɓin ya fito sumul, bayansa zai ƙame kafin tururin ciki ya sami hanya, sai ya fashe ya watsa wa mutum mai. Ina matsawa, tana datsewa da almakashi, uwarta tana juyawa. Na farko ya karye, na biyu ya lanƙwashe, daga nan suka riƙa fitowa tsaf. Muka tsame, muka birkiɗa a sukari da kirfa tun da zafinsu. Walida ta ci ɗaya a tsaye, ta ce ya fi na tasha, ko da yake na tashar ƙamshinsa kawai ta sani.

Na bar su na fita baranda na kira shugabata. Ƙa'ida ce, duk abin da ya sauya tsarin ziyara sai an sanar. Na gaya mata komai.

"Uwar ta sani?"

"Ta sani."

"Za ki rubuta haka a rahoto."

"Zan rubuta."

Sannan ta ce, "In an toshe hanyar yau, zan roƙi likita ya jira gwaji na gaba. In ba a toshe ba, ba ni da abin roƙo. Kuma ba za ki yi maganar lafiyar yarinya da wata ba sai uwar ta ba ki izini."

Na koma na maimaita wa Hadiza yadda aka faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ta goge hannunta ta ce, "Anti, ki raka ni. Ki bar katin asibitin nan na wuyanki a waje ta gani. Ke ki faɗa, a ce asibiti ne ya ce." Na ce na yarda. Ta jera churros a kwano mai murfi, don ba a zuwa gidan manya hannu rabbana.

Gidan Gwaggo ba nisa a bas. Mun tarar da ita a kan darduma, tsohuwa ce gajeriya mai ƙarfin murya. Ta jawo Walida jikinta tana cewa, "Takwara, har yanzu ba ki yi ƙiba ba? Me suke ba ki ne?" Aka yi gaisuwa ta gida, ta tambayi asalina, ta gano ta san wata yayar mahaifiyata a Tudun Wada. Ta dubi katin wuyana. Hadiza ta durƙusa ta buɗe kwanon.

Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta juya shi. "Wannan kuma alkakin wace ƙasa ne, ba a naɗe shi ba?" Ta gutsira, ta tauna a hankali, ta gyaɗa kai. "Ba laifi. Da garina aka yi?"

Na riga na shirya maganata tun a bas, har na buɗe baki. Sai na ji murya daga ƙasa, inda Hadiza ke durƙushe.

"A'a, Gwaggo. Ba za a ƙara yi mata da shi ba. Injin yana niƙa alkama, ragowarta tana shiga garin. Shi ke hana ta warkewa."

Gwaggo ta juyo gare ni. "'Yar nan, haka ne?"

Na ce haka ne, na yi mata bayanin ƙura da hanji a taƙaice. Ta ce ai tana gogewa. Na ce na sani, amma akwai lungunan da tsumma ba ya kaiwa, ruwa ma ba ya fitar da su duka. Ba ta yi gardama ba. Ta kama hannun Walida ta zagaye wuyan hannun da yatsu biyu, yatsun suka haɗu har da saura. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce wa Hadiza, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Yau kika sani?"

"Tun kafin azumi."

"Tun kafin azumi. Kina tsaye ina ba ta da hannuna, ina cewa ta cinye." Ta saki hannun yarinyar. "Ni kika ji wa kunya, ita kika bar wa ciwon."

Hadiza ba ta ɗago ba. Ni ma ban sa baki ba, don ba a aiko ni sulhu ba. Gwaggo ta tashi da kyar ta ce in biyo ta. Muka fita gareji, ta nuna mini injin, ta sake tambayata ko akwai wankin da zai yi, ko da za a kwance shi. Na ce ba zan iya ba ta tabbaci ba, kuma a wannan ciwo abin da ba a tabbatar ba barinsa ake yi. Ta ɗauki wani tsohon zani ta rufa masa, kamar yadda take yi kullum in ta gama aiki. Sai ta ce, "Abin nan da kuka kawo, me kika ce sunansa?"

Na faɗa mata. Ta gwada faɗa bai fito ba, ta bar shi.

"Koya mini. In ba zan niƙa mata ba, ai zan soya mata."

Na ce sai da sabuwar tukunya, da sabuwar muciya, da man da bai taɓa ganin fanke ba, da garin kanti mai hatimi. A kan garin kanti ta yamutsa fuska, amma ta ce to. Na bar mata bakin tauraron, na koma ofis na ce a rubuta shi cikin kayan da na ɓatar.

Rahotona na rubuta shi yadda abin ya faru, har da cewa uwar ta sani ta yi shiru, har da cewa ita ce ta faɗa da bakinta. Likita ya karanta ya yarda a jira. A gwaji na gaba alamar ta fara sauka, wanda ya biyo baya ta ƙara sauka, nauyi ya motsa. Ba a sanar da council ba. Walida ta gaya mini a wajen awo cewa Gwaggo tana zuwa Juma'a kamar da, da tukunyarta a jaka, kuma churros ɗinta suna fitowa a karkace. Na tambayi Hadiza yadda suke da Gwaggo, ta ce suna gaisawa. Ban ƙara tambaya ba. Ko sun koma kamar da, ban sani ba, fayil ɗinmu ba shi da gurbin wannan.

Abin da nake gaya wa sabbin ma'aikata shi ne, an koya muku ku nemi jahilci ko sakaci, kuma wani lokaci za ku same su. Amma a gidajen mutanenmu sau da yawa abin da ke cutar da yaro daga hannun wanda ya fi son sa yake fitowa, kuma wanda ya gani ba shi da bakin faɗa. Hadiza ba bayani take buƙata ba, ta fi ni sanin takardunmu. Bakina ma da ta ara ba ta yi amfani da shi ba, wanda zai zauna kusa da ita kawai take nema. Tun daga ranar, in na shiga gida na gama tambayar wa ke girki da ina ake cefane, sai in jira yara su fita, in tambayi uwar a hankali: a gidan nan, wane ne ba kya iya ce wa a'a?